Idan Sabis, Wuta da Tsabar Kuɗi Suka Ɗauke: Yadda Ake Shirya Waya Tun Kafin Ranar Ta Zo

Duk wanda yake yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da bidiyon wasu Turawan Amurka da suke haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, suna tara abincin gwangwani da bindigogi, wai suna shirin ranar da gwamnati za ta rushe, kowa ya koma ta kansa. Matashin da yake kallon irin wannan bidiyo a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi zai iya ɗaukarsa a matsayin fim. Amma idan ya waiwayi shekarun nan na baya, zai ga cewa abin da Turawan suke tsoro ya riga ya leƙo yankinsu fiye da sau ɗaya. Bambancin kawai shi ne bai zo gaba ɗaya a rana guda ba. Yau sabis ne ya ɗauke, gobe kuɗi ne suka ɓace, jibi wuta, gata kuma an hana fita.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a kan wayar hannu yake fara sauka. Wayar da mutum ya mayar da ita bankinsa, kasuwarsa, fitilarsa, littafin lambobinsa da hanyar jin labarinsa, ba ta tsaye da ƙafarta. Tana jingine ne da abubuwa huɗu: wutar da za ta caja ta, turken sadarwar da za ta kama, bankin da zai amsa mata, da hanyar da man fetur da dizal da kaya suke bi. Shirin da ya dace da wannan yanki shi ne a san yadda kowane ɗaya yake faɗuwa, sannan a tanadi abin da zai maye gurbinsa.

Abin da ya riga ya faru

A farkon watan Satumba na 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen Gusau sun riƙa hawa mota zuwa Funtua don kawai su yi kira ko su tura kuɗi, wasu kuma suka koma ba direbobi wasiƙa. Ba a jima ba aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua ɗin da Bakori. A ƙarshen watan, gwamnatin Kaduna ta bi sahu: aka katse sabis a wasu sassan jihar, aka kuma hana hawa babur a faɗin jihar na wata uku. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da sabis ɗin.

A watan Oktoba na 2022, Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbin kuma ba su wadata ba. A watannin Janairu da Fabrairu na 2023, mutum yana da kuɗi a asusu amma ba ya iya sayen koko. Masu POS suka tsauwala caji, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa saboda cunkoso, a cire wa mai saye kuɗi amma alat bai shigar wa mai kaya ba. A kasuwannin ƙauye, inda manomi ya saba karɓar kuɗinsa a hannu, an sayar da amfanin gona da dabbobi a wulaƙance ga duk wanda ya zo da tsaba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara Kotun Ƙoli, kuma a ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin.

A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, daura da ƙasar Kwaddibuwa. Abin da ya faru a cikin teku ya sa data ta yi nauyi, wasu bankuna suka kasa aiki yadda suka saba. A watan Agusta na shekarar, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a biranen Kaduna da Zariya, wato inda mutanen Kudan da Makarfi da Ikara suke zuwa banki da babban asibiti da sarin kaya. Sai kuma ranar 21 ga Oktoba 2024, layin wutar Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, alhali layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace tun kafin nan. Mafi yawan jihohin Arewa suka shiga duhu na kusan kwana goma.

Sau biyar ke nan a cikin shekara huɗu. Babu wanda ya rushe ƙasa a cikinsu, amma kowanne ya nuna inda igiyar take da rauni.

Yadda kira yake tafiya, da inda yake yankewa

Idan mutum ya danna kira a Tashar Yari, wayarsa tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa. Turken yana miƙa saƙon ta wayar fayiba ko ta faifan da ke kallon wani turken, har ya isa cibiyar kamfanin, daga nan a nemo wanda ake kira. Kusan duk turakun da ke karkara da janareta da batura suke aiki, wasu da ƙarin sola. Shi ya sa idan wutar NEPA ta ɗauke sabis ba ya ɗaukewa nan take. Amma idan motar dizal ta kasa zuwa, ko aka sace baturan, ko masu aikin titi suka tsinke fayiba, turken zai yi shiru ko da wayar mutum tana cike da caji da data.

Riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban yana da amfani idan kamfani ɗaya ne ya samu matsala. Sai dai a san iyakarsa. Turaku da yawa na kamfanonin haya ne irin su IHS, kuma MTN da Airtel suna iya kasancewa a kan turke guda. Idan wannan turken ya mutu, duka layukan sun tafi. Idan kuma umarnin gwamnati ne, kamar na 2021, ko layi goma mutum yake da su babu wanda zai kama.

Idan sabis ya yi rauni bai ɗauke gaba ɗaya ba, akwai dabaru biyu. Na farko, a shiga saitin waya a mayar da ita 2G da hannu. Siginar 2G ta fi nisan zango, kuma kira da tes da lambobin USSD duk a kanta suke iya tafiya. Na biyu, a fifita tes a kan kira. Kira yana buƙatar layi ya zauna a buɗe tsawon maganar, shi kuwa tes ɗan ƙaramin abu ne da sabis na 'yan daƙiƙoƙi ya ishe shi, kuma idan wayar wanda aka tura wa tana kashe, cibiyar kamfani tana riƙe saƙon na wani lokaci har ya kunna. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ba ta cin kati, amma ita ma sai da turke mai rai.

Lissafin caji

Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Itel da Redmi na yanzu batirinsu 5,000 mAh ne, wanda ya kama kusan 19 Wh na wuta. Fawa bankin da aka rubuta wa 20,000 mAh yana ɗauke da kusan 74 Wh. A takarda kamar zai cika waya sau huɗu, amma wajen ɗaga wutar daga batirinsa zuwa ta USB, da sake sauke ta a cikin waya, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a zafi. Abin da ya rage caji biyu da rabi ne zuwa uku. Wannan ma idan na gaske ne. Fawa bankin da aka rubuta masa adadi mai yawa amma ba shi da nauyi a hannu, akwai alamar tambaya a kansa, domin batir mai ɗaukar wuta da yawa dole ya yi nauyi.

Fawa banki tulu ne, ba rijiya ba. A duhun Oktoban 2024, wanda yake da shi ya ji daɗin kwana biyu ko uku, daga nan ya bi layin shagon caji kamar kowa, a lokacin da man janareta ya riga ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023. Rijiyar ita ce rana. Ƙaramin faifan sola mai ƙarfin 20 W, idan aka fuskantar da shi rana sosai, yana iya tara abin da ya kai 50 zuwa 60 Wh a yini, wato ya cika waya biyu da fitila. A lokacin hunturu ƙura tana rage masa ƙarfi, don haka sai ana goge shi kullum. Abin da ya fi shi ne faifan ya caja fawa banki, shi kuma fawa bankin ya caja waya da dare. Wutar sola tana hawa da sauka da giftawar gajimare, kuma barin waya a cikin rana yana kashe batiri da wuri. A ja igiya a ajiye fawa bankin a inuwa.

Batirin babur ko na mota ma rumbun wuta ne, idan akwai ɗan abin da ke mayar da 12 V zuwa USB. Amma na babur ƙarami ne, idan aka zuƙe shi babur ɗin ba zai tashi da maɓalli ba.

Rage ci ya fi neman ƙari sauƙi. Wayar da ba ta ga sabis ba tana ƙara ƙarfi wajen laluben turke, kuma wannan laluben yana shan batiri fiye da yadda ake zato. Idan an tabbatar babu sabis, a sa ta a yanayin jirgin sama, a riƙa cirewa sau biyu ko uku a rana don dubawa. A rage hasken fuska. A daina amfani da fitilar waya, a sayi tocila mai caji daban. Sannan ƙaramar waya mai maɓalli, wadda matasa suke raina wa, tana iya yin kwanaki da caji ɗaya. Ya kamata kowane gida ya ajiye guda, da layin da ake ɗan amfani da shi lokaci-lokaci, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana iya rufe shi ya ba wani.

Abin da waya take iya yi ba tare da sabis ba

Wayar Android ƙaramar kwamfuta ce, kuma da yawa daga cikin ayyukanta ba sa buƙatar turke. Sharaɗin kawai shi ne a sauke abubuwan tun ana da data. Ba a fafe gora ranar tafiya.

- Taswira. GPS ba ya amfani da data ko layi. Wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, ta lissafa inda take. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Google Maps yana ba da damar sauke yanki guda, amma yana buƙatar a riƙa sabunta shi. Organic Maps da OsmAnd suna sauke taswirar ta zauna a waya. A sauke daga Zariya zuwa Kano, da ɓangaren Funtua.
- Karatu da bayani. Manhajar Kiwix tana ajiye Wikipedia a cikin waya, har da ta Hausa, da tarin bayanan lafiya da Turanci. Google Translate ma, tun 2023, ana iya sauke Hausa a yi fassara babu intanet.
- Takardu. A ɗauki hoton takardar NIN, katin zaɓe, takardun makaranta, takardar gona ko fili, da katin asibiti. A ajiye a waya, a kuma kwafa a memori ko filashi da za a adana a gida. A kulle wayar da lambar sirri mai ƙarfi, domin waɗannan takardun a hannun ɓarawo makami ne.
- Tura fayil. Xender da Quick Share suna haɗa waya da waya kai tsaye. Mutum ɗaya da ya sauke taswira ko littafi ko manhaja zai iya raba wa unguwa guda.
- Rediyo. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da yawa suna da FM, amma sai an saka iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriya.

Akwai tarkon da masu waya da yawa ba su sani ba. Abin da mutum yake gani a fuskar wayarsa ba lallai ne yana cikin wayar ba. Idan an taɓa danna wurin da Google Photos yake cewa zai samar da fili, hotunan sun koma intanet, abin da ya rage inuwarsu ce. Takardar da aka turo ta WhatsApp, idan ba a taɓa buɗe ta ba, ba ta sauka ba. Wasu manhajojin ma ba sa buɗewa sai sun gaisa da uwar garkensu. Haka lambar sirrin da banki ko Facebook suke turowa ta tes, ba za ta zo ba idan babu sabis. Manhaja irin Google Authenticator kuwa tana samar da lambar a cikin waya ko babu layi.

Manhajojin hira ta Bluetooth

Duk lokacin da aka rufe intanet a wata ƙasa, sai a ji ana tallar manhajojin da ke tura saƙo babu sabis. Bridgefy ta yi suna a zanga-zangar Hong Kong ta 2019. Akwai Briar ta Android, sannan a 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Twitter, ya fito da Bitchat. A Bridgefy da Bitchat, saƙo yana tsallakawa ne daga waya zuwa waya har ya isa.

Matsalar ita ce zango. Bluetooth 'yan mitoci yake kaiwa, katanga ma tana rage shi. Dabarar tana aiki a inda dubban mutane suka cunkushe kuma kowa ya kunna manhajar. A tsakanin Ikara da Paki, inda gonaki ne suka raba gari da gari, babu wayar da saƙon zai taka. Za ta iya amfani a cikin makaranta ko kasuwa, amma ba za ta haɗa ɗalibin da ke karatun lafiya a Makarfi da iyayensa a wani gari ba. Masu bincike ma sun gano ramukan tsaro a Bridgefy a 2020, don haka ba wurin sirri ba ne.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, ba ya bi ta turke, amma yana da tsada kuma yana cin wuta fiye da abin da ƙaramin faifan sola zai iya bayarwa. Rediyon oba-oba da wayar tauraron ɗan'adam kuwa, akwai doka a kansu. A 2013 sojoji sun haramta wayar Thuraya a Borno. Matashin da aka tare a shingen jami'an tsaro da irin waɗannan na'urori babu izini ya jawo wa kansa bayanin da ba zai ƙare da wuri ba.

Kuɗi

Darasin 2023 a fili yake: kuɗin da ke asusu alƙawari ne, sai an samu hanya yake zama kuɗi. Hanyoyin kuma hawa-hawa ne. Manhajar banki tana buƙatar data. USSD sabis kawai yake buƙata, kuma yana aiki a ƙaramar waya: *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access, *737# na GTBank, *966# na Zenith, *955# na OPay. Dole a yi rajista a saita lambar sirri tun lafiya lau. Na'urar POS ita ma layi ne a cikinta, idan turke ya mutu ta zama abin wasan yara.

Saboda haka a raba ƙafa. Asusu biyu a wurare daban-daban, ɗaya a babban banki, ɗaya a irin su OPay ko Moniepoint, ya fi asusu ɗaya. Sannan a riƙe tsabar da za ta ɗauki cefane da kuɗin mota na mako guda, a ƙananan takardu, domin ranar da kuɗi suka yi wuya canji ma wuya yake yi. Kada ta wuce haka. Tara kuɗi masu yawa a gida gayyatar ɓarayi ne, ga hauhawar farashi tana cin su a zaune, ga kuma abin da ya samu masu ajiyar tsofaffin takardu.

Akwai kuma abin da ya riƙe mutane da yawa a wancan lokaci wanda ba ya cikin kowace manhaja: littafin bashin mai shago. Wanda aka sani da biya ya ci abinci ko ba shi da ko sisi a hannu.

Ruwa, abinci da magani

A nan mutanen Ikara da Makarfi da Kudan sun fi mazauna manyan birane gata. Ƙasa ce ta masara da dawa da waken suya, ta raken da ake yin mazarƙwaila, ta tumatir da barkono, har da inabin da Kudan ta yi suna da shi. Rumbu kuwa fasahar ajiya ce da ta girmi kowane banki. Abin da ke raguwa shi ne al'adar barin abinci har kaka ta zagayo, domin da yawa suna sayarwa da wuri su sayo daga baya da tsada. Kowane gida zai iya auna tiya nawa yake ci a mako, ya ninka sau huɗu, ya san abincin wata guda. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana ƙwari cin wake da masara ba tare da an zuba magani ba, muddin an ɗaure shi iska ba ta shiga. Kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen tumatir, daddawa, gishiri da mai, duk ba sa neman firji.

Ruwa ne ya fi saurin zama matsala, domin famfon burtsatse mai injin da wuta yake aiki. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke amfani da shi a lokacin gaggawa shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Gida mai mutum takwas zai buƙaci lita 120, kusan jarka biyar masu lita 25. Na sha kaɗai, a lita 3 ga kowa, jarka uku za su kai kwana uku. A san rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa mafi kusa. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi sosai na aƙalla minti ɗaya.

Gudawa tana kashe yara da sauri idan asibiti ya yi nisa. A ajiye fakitin ORS. Idan babu, ana haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Masu hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila su nemi shawarar likita kan ajiye maganin da zai kai su wasu makonni. Don sanyaya kayan miya babu wuta, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Fetur kuwa ba a ajiye shi a ɗakin kwana, janareta kuma ba a kunna shi a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Labari na gaskiya da na ƙarya

A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, wani saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da kira, aka kwantar da wasu a asibiti, har aka samu waɗanda suka rasu. A ranar tsoro, jita-jita ta fi kowace cuta gudu. Kafin a tura saƙon murya mai cewa ga su nan sun taho, a tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe, a wane gari? Tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya sa kasuwa ta watse a tattake yara.

Ƙaramar rediyo mai batir da ke kama gajeren zango tana kawo Rediyon Tarayya na Kaduna da sassan Hausa na BBC da RFI ba tare da turke ko data ba. Ba a nan kaɗai ba. Ranar 28 ga Afrilu 2025, da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal, sabis da na'urorin biyan kuɗi suka tsaya, mutane suka yi layin sayen rediyo da kyandir. Wata guda kafin nan, Tarayyar Turai ta shawarci mutanenta su riƙa ajiye abin da zai riƙe su awa 72.

Takarda da mutane

Mutum nawa ne suka haddace lambar mahaifiyarsu? Idan waya ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta, lambobin sun tafi. A rubuta lambobi goma mafi muhimmanci a takarda, ɗaya a aljihu, ɗaya a gida. Iyali su yi magana tun yanzu: idan an kasa samun juna a ina za a haɗu, wa zai ɗauko yara daga makaranta, kuma wane ɗan'uwa ne a wani gari, kamar Kano ko Zariya, kowa zai kira ya bar saƙo da zarar ya samu sabis. A san direba ɗaya ko biyu a tasha da za a iya ba saƙo.

Bidiyon Turawan nan suna koyar da mutum ya ɓuya shi kaɗai da kayansa. A 2021 da 2023 da 2024 ba haka mutane suka tsira ba. Mai sola ya caja wa maƙwabta, mai rijiya ya buɗe ƙofa, mai unguwa da liman suka isar da sanarwa da lasifikar masallaci, mai babbar waya ya karɓar wa dattijo transfa. Matasa biyar da suka haɗa kuɗi suka sayi faifan sola babba da batir sun fi kowannensu da ƙaramin fawa bankinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwajin yini guda

Hanya mafi sauƙi ta gane inda shiri ya tsaya ita ce a gwada. A zaɓi rana ɗaya, a sa waya a yanayin jirgin sama tun asuba har isha, kada a je shagon caji, kada a je wurin mai POS. A buɗe taswira a gani ko tana nuna hanya. A nemi hoton NIN. A kunna FM. A yi cefane da abin da ke aljihu. A duba nawa batir ya rage da magariba.

Duk abin da ya gagara a wannan rana a rubuta shi. Wanda data ce kawai yake buƙata, kamar taswira da Kiwix da takardu, a gama shi a daren. Wanda yake buƙatar kuɗi, kamar tocila, ƙaramar waya, rediyo da faifan sola, a jera shi daga mai araha zuwa mai tsada, a riƙa sayen ɗaya duk wata. Bayan wata uku a sake gwajin, wannan karon tare da mutanen gida.